Sakamakon gwajin Sadik ya fito, an ce ƙarin ta wajen uwa ya zo

Maman Sadik (Agege):
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah ina neman wanda zai fahimtar da ni, tun daren jiya ban runtsa ba. Waɗanda suka daɗe a nan sun san maganar yarona Sadik. Shekararsa ɗaya da wata tara, bai fara tsayuwa ba balle tafiya, zama ma sai da ya wuce shekara ya iya, kuma har yau ko "Mama" ba ya cewa. Tun yana jariri jikinsa saki yake, wuya ba ya tsayawa, nono da ƙyar yake ja. Likitar ƙwaƙwalwar yara da muke gani ta sa aka ɗebi jininsa aka tura ƙasar waje. Jiya muka karɓo takarda. Ta ce sunan lalurar Dup15q, wai akwai ƙari a kuromosom na 15, kuma ƙarin ta ɓangaren uwa ya zo. Ta yi bayani mai yawa, amma wallahi daga inda ta ce "uwa" kunnena ya daina ji. Baban Sadik yana zaune a wajen. Bai ce min uffan ba har muka dawo gida, da daddare sai ya kira Hajiyarsu a Katsina ya faɗa mata. Yau da sassafe ƙanwarsa ta bugo tana tambaya wai ko a danginmu akwai masu irin wannan. Ni na sa masa ke nan? Kuma in na sake haihuwa haka za a sake yi?

Nas Binta (Idi-Araba):
Wa alaikumus salam. Subhanallah, sannu ƙanwata. Kafin kowa ya ce komai: ba ke kika sa masa ba. Ki sha ruwa ki zauna, bari in taɓo Dakta ya shigo.

Hajiya Ladi (Obalende):
Sannu 'yar nan. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya miki zuciya.

Dakta Umar (Ikeja):
Maman Sadik sannu da haƙuri. Ban ga yaron ba, don haka maganar ƙarshe tana bakin likitarku, amma zan iya warware miki abin da takardar take nufi. Ki duba sama-sama, akwai wani layi mai lambobi da haruffa. Da 46 ya fara ko da 47?

Maman Sadik (Agege):
Ga abin da na gani Dakta: 47,XY,+idic(15). Akwai wasu lambobin a ƙasa masu tsawo.

Dakta Umar (Ikeja):
Yauwa, wannan layin ya amsa rabin tambayarki.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, an jera su biyu-biyu har 23, rabi daga uba rabi daga uwa. A cikinsu aka rubuta yadda jiki zai ginu. Sadik yana da waɗannan 46 ɗin cif, babu wanda ya ɓace, sai kuma wani ɗan ƙarami na 47 wanda aka haɗa shi da guntaye biyu na kuromosom na 15. Saboda haka wani yanki da ake kira 15q11.2 zuwa q13.1, wanda ni da ke muke da shi sau biyu, shi yana da shi sau huɗu. Abubuwan da ke cikin yankin nan masu kyau ne, ƙwaƙwalwa tana buƙatarsu, yawan ne ya zama matsala. Kamar gishiri ne a miya, in babu ba ta ciwuwa, in aka zuba ninki biyu ma ba ta ciwuwa.

Sai maganar "uwa" da ta hana ki barci. A wannan yankin akwai wani jigon gado mai suna UBE3A. A cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wanda ya zo ta wajen uwa ne kawai yake aiki, na wajen uba a kashe yake, haka Allah Ya tsara wa kowa. Shi ya sa in ƙarin ya biyo ta ƙwan uwa alamomi suke fitowa sosai, in ya biyo ta wajen uba sau da yawa mutum ba ya nuna komai ko ya nuna kaɗan. Wannan yankin dai shi ne in wani sashe ya ɓace ta wajen uba ake samun lalurar Prader-Willi, in ya ɓace ta wajen uwa a samu ta Angelman, wadda wani likitan yara ɗan Ingila, Harry Angelman, ya fara bayyanawa a 1965. Abin da ɗakin gwaji yake nufi da "uwa" shi ne hanyar da guntun ya biyo. Ba ya nufin ke kina ɗauke da ciwon.

Irin na Sadik, wato idic(15), kusan koyaushe sabon abu ne da yake faruwa a ƙwai guda ɗaya lokacin da yake rabuwa, tun kafin a san da ciki. Ba abinci ba ne, ba magani ba ne, ba ɗaukar jarkar ruwa ba ne, ba faɗuwa ba ce. In aka gwada jinin uwar, yawanci 46 ake samu lafiya lau, kuma yiwuwar ya maimaitu a wani cikin kaɗan ce ƙwarai. Akwai wani nau'in daban da ƙarin yake manne a jikin kuromosom ɗin kansa, mutum yana da 46 amma yankin sau uku. Wannan ne wani lokaci ake samun uwa tana ɗauke da shi ba ta sani ba, don ta wajen mahaifinta ta same shi, kuma a nan kowane ciki rabi da rabi ne. Naku ba shi ba ne bisa layin da kika turo. Duk da haka ki tambayi likitarku maganar gwada jininku ke da maigidan, don zuciyar kowa ta kwanta.

Alhaji Na-Zango:
Dakta Allah Ya saka da alheri. Amma ni ina da magana, kuma ba don in ɓata wa kowa rai ba. Wannan gwajin da aka tura waje na san ba ƙaramin kuɗi ya ci ba. Baban yaron nan a Mile 12 yake sauke albasa, mun san yadda kasuwa take yanzu. An kashe kuɗi, an samo suna, an ce babu maganin da zai cire ƙarin. To me aka ƙaru da shi? Ga shi har an jefa yarinya cikin bakin dangin miji. Da an bar abin a matsayin jarrabawa daga Allah, da kuɗin nan an sai wa yaro madara da magani, gida yana zaune lafiya. Ba kowane abu ne sai an tono ba.

Maman Ihsan (Ijora):
Baba Alhaji da girmanka, amma ba zan yi shiru a nan ba. Gida yana zaune lafiya ka ce? Ni 'yata Ihsan da lalurar Down aka haife ta, kuromosom na 21 ne ya zama uku a wajenta. Kafin a gaya mana sunan abin babu inda ba a aika mu ba. Wannan ya ce maita, wancan ya ce na keta wani waje da ciki da tsakar rana, wata ta ce nonona ne ba shi da kyau a yi min magani. Kuɗin da muka zubar a hayaƙi da turare da awaki ya fi kuɗin gwaji nesa ba kusa ba, kuma duk wannan lokacin ni ake kallo. Rashin suna bai taɓa kare uwa daga zargi ba Baba, sai ma ya buɗe ƙofa kowa ya kawo nasa. Ranar da likita ya zaunar da babanta ya zana masa a takarda, ranar aka daina jan mu.

Alhaji Na-Zango:
Na ji 'yata. Amma ke naki ba a rubuta "uwa" a takarda ba.

Dakta Umar (Ikeja):
Alhaji, in da za a bi diddigi, a mafi yawan masu lalurar Down ma ƙarin ta ƙwan uwa yake biyowa, kuma babu likitan da zai ce laifin uwar ne. Tambayarka ta farko kuma tana kan hanya, don gaskiya ne babu maganin da zai cire guntun. Amfanin sunan shi ne ya gaya mana inda za mu sa ido. Fiye da rabin yaran da ke da idic(15) suna samun farfaɗiya, wasu tun suna jarirai, kuma nau'in da ke zuwa musu da wuri iyaye ba sa gane shi. Da yawansu kuma suna da alamomin galahanga, wato autism: rashin haɗa ido, jinkirin magana ko rashinta, son maimaita abu ɗaya. Wanda ya san haka tun yaro bai kai shekara biyu ba ya riga wanda zai gane a shekara shida.

Abu Hafsat (Sabo, Ikorodu):
Tambaya Dakta. Ko auren zumunci yana da hannu? Don mu mutanen Arewa an sha gaya mana haka.

Dakta Umar (Ikeja):
A wannan babu. Auren zumunci yana ƙara haɗarin cututtukan da sai uba da uwa duka suna ɗauke da abu iri ɗaya, sikila ita ce misalin da kowa ya sani a irin wannan gadon. Dup15q ana samunsa a Turawa, a Larabawa, a mutanen Sin, a waɗanda ba su haɗa komai da matansu ba.

Hajiya Ladi (Obalende):
Ni tsohuwa ce, ban san kuromosom ba, amma akwai abin da nake tsoro kuma gara in faɗa. A garinmu ina yarinya, yaro irin wannan mai sakin jiki wanda ya ƙi zama ya ƙi tafiya, ɗan ruwa ake ce masa. A ce ba mutum ba ne, an musanya shi. Na san gidan da aka ɗauki yaro aka kai bakin kogi da dare, aka ce da uwar kada ta waiwaya, wai zai koma maciji ya shige ruwa. Matar nan har ta rasu ba ta ƙara zama daidai ba. Maman Sadik, duk wanda ya ce ki kawo yaron gida a "duba" shi ke ki zauna a Legas, kada ki yarda. Inda za shi ƙafarki ƙafarsa.

Maman Sadik (Agege):
Hajiya kamar kin sani. Ba su ce ɗan ruwa ba, amma Hajiyarsu ta ce a kawo shi Katsina ya zauna wajenta a yi masa na gida, wai ni in huta.

Malam Sani (Alaba Rago):
Innalillahi. Abin da Hajiya Ladi ta ba da labari kisan kai ne, babu wani suna da za a sa masa, kuma yana daga abin da Musulunci ya zo ya rushe. Game da surukarki kuwa, mu kyautata mata zato, wataƙila tausayi ne da rashin sani. Amma yaro ƙarami mai lalura haƙƙinsa ne ya kasance da mahaifiyarsa kuma kusa da likitansa. Su kuma masu neman wanda za su ɗora wa laifi, su koma Suratus Shura aya ta 49 da ta 50, inda Allah Ya ce Shi ke bayar da 'ya'ya mata ga wanda Ya so, Ya bayar da maza ga wanda Ya so, Ya bar wanda Ya so ba haihuwa. Wace mace ce ta taɓa zaɓar ƙwan da zai zama ɗa? Kuma a Bukhari da Muslim akwai hadisin matar da ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana fama da farfaɗiya. Bai kore ta ba, bai ce a guje ta ba, albishir ɗin Aljanna ya yi mata a kan haƙurinta, ya kuma yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa buɗewa. A yi wa Sadik addu'a da tofi safe da yamma, wannan babu mai hanawa. Amma duk malamin da ya ce a ajiye maganin asibiti sai an gama nasa, a tashi a bar masa wajensa.

Alhaji Na-Zango:
Allah gafarta Malam, a nan muna tare. Ni dai har yanzu ina ganin da likitar ta san irin gidajenmu, da ta san yadda za ta faɗi maganar uwa ɗin nan a gaban miji. Magana ɗaya ce amma ana iya ɗora ta a hankali.

Nas Binta (Idi-Araba):
Wannan kam gaskiyarka ne Baba. Layi ya yi tsawo, likita ɗaya, mutum ya fito da takarda da rabin bayani. Shi ya sa nake cewa duk wanda zai karɓi sakamako irin wannan ya nemi a sake ba shi rana ta zama kawai, ya rubuto tambayoyinsa tun daga gida.

Maman Sadik (Agege):
Dakta don Allah koma kan maganar farfaɗiyar da ka ce ba a ganewa. Likitar ta tambaye ni ko yana jijjiga ko taune-taune na ce a'a, don bai taɓa faɗuwa yana kumfa ba. Amma kwanan nan akwai abin da yake yi in ya tashi daga barci. Sai kansa ya faɗo gaba da sauri, hannayensa su watsu su dawo ƙirji, gwiwoyinsa su naɗo, idonsa ya ɗan yi sama. Daƙiƙa ɗaya ne ko biyu, ya saki, can kuma ya sake, ya yi ta yi a jere sannan ya fashe da kuka. Maƙwabciyata ta ce firgita ce ko ciwon ciki. Kuma na lura 'yar dariyar da yake min in na yi masa wasa ta ragu.

Dakta Umar (Ikeja):
Maman Sadik ki saurare ni da kyau. Abin da kika kwatanta ya yi kama sosai da nau'in farfaɗiyar da nake magana, mai zuwa a jere bayan tashi daga barci. Ba abin jiran ranar da aka rubuta muku a kati ba ne. Ki ajiye waya kusa da shimfiɗarsa yau, da ya fara ki ɗauki bidiyo, fuska da jiki duka su fito, ki ƙirga sau nawa ya yi. Gobe da safe ku koma wajen likitarku, ko an samu bidiyon ko ba a samu ba. In ba ranar ganinta ba ce ku shiga ta sashen gaggawa na yara ku nuna takardar gwajin. Za su so a yi masa EEG, gwajin da ake manna wayoyi a kai a ga yadda lantarkin ƙwaƙwalwa ke tafiya, babu zafi babu allura. Wannan nau'in yana da magungunansa na musamman, irin su prednisolone da vigabatrin, kuma likita ce kaɗai za ta zaɓa ta auna, don kowanne yana da abin da ake sa wa ido. Kada a je kemis a sayo maganin farfaɗiya haka kawai, wani ba ya yi wa wannan nau'in aiki. Dalilin gaggawar shi ne duk lokacin da abin ya ɗauka ba a tsayar ba, yaro yana iya rasa abin da ya riga ya koya. Raguwar dariyar nan ki faɗa mata ita ma.

Maman Sadik (Agege):
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To Dakta. Jikina duk rawa yake.

Maman Ihsan (Ijora):
Ki natsu 'yar uwa, Allah ne Ya sa kika tambaya yau.

Baban Ilham (Mile 12):
Ni 'yata babbar farfaɗiya take yi, shekara da shekaru muna kan magani, yanzu tana aji huɗu. Bari in ƙara abin da ya shafi zaman gidan haya a Legas, don in abu ya faru kafin ki ce me tsakar gida ta cika. Wani zai kawo cokali a tura a baki, wata manja, wata albasa a matsa a ido, akwai masu kara ƙafar yaro a wuta. A nan Kudu kuma akwai haɗin fitsarin saniya da ganyen taba da ake ɗura wa yaro, wannan yana karya sukarin jini, yana kisa. Duk da kyakkyawar niyya suke yi, amma ki tsaya da ƙafarki ki hana. A kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kada a sa komai a bakinsa ko ruwa ne, a duba agogo. In ya wuce minti 5 bai saki ba, asibiti kai tsaye, ko a kira 112 ko 767. In an ɗora shi a kan magani kuma, kada ya yanke ko na kwana ɗaya. Ni tun saura na sati nake neman wani, don akwai lokacin da za ki zaga kemis-kemis babu.

Baban Sadik kuma na san shi a kasuwa, layinmu ɗaya. Mutumin kirki ne, ruɗewa ya yi. In kin yarda zan same shi bayan la'asar mu yi magana ta maza, in karanta masa bayanin Dakta.

Maman Sadik (Agege):
Na yarda Yaya, Allah Ya biya ka. Shi ma na ga ko karyawa bai yi ba ya fita.

Nas Binta (Idi-Araba):
In an shawo kan wannan, sai a dage da gashi. Sakin jikin nan motsa jiki a hannun masana ne yake taimaka masa, da yawan yaran suna tafiya ko da a makare. Akwai sashen gashi a asibitocin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, wanda ya fi kusa da ku. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba kuma yana da cibiyar yara da matasa a Oshodi inda ake koyar da magana da amfani da hannu. Ki sa su nuna miki abin da za ki riƙa yi masa a gida a kan tabarma, don abin da uwa ke yi kullum ya fi na ranar asibiti yawa. Magana kuwa kada ki tsaya jiran baki kawai. Nuni da hannu, hoton kofi, hoton abinci, duk hanya ce, kuma ba sa hana magana fitowa.

Abu Hafsat (Sabo, Ikorodu):
Akwai kuma LASODA, ofishin jihar Legas na masu buƙata ta musamman, a ƙarƙashin dokar jihar ta 2011. Ta tarayya ma Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta hana nuna musu bambanci. Yana da kyau a yi masa rajista. Wasu makarantun firamaren gwamnati a nan suna da ajin irin waɗannan yara in lokacin ya zo.

Alhaji Na-Zango:
Maganar makaranta da sauran lokaci. Ta gobe ake yi. Har yanzu ina nan a kan cewa an yi gaggawar kiran Katsina, kuma wannan sai an zauna da Hajiyar an yi mata bayani da Hausar da za ta gane, in ya so ni zan kira ta, sa'ar yayata ce. Amma yaro kada a ɗora shi a danfo cikin cunkoson safe a wannan halin. Direbana zai zo ƙofar gidanku bayan sallar asuba. Kuɗin EEG ɗin kuma ku gaya min nawa ne.

Maman Sadik (Agege):
Baba ban san me zan ce ba. Allah Ya saka da Aljanna. Yanzun nan ya tashi daga barcin rana ya yi, na samu na ɗauka. Sau goma sha ɗaya na ƙirga. Dakta in turo maka ta gefe?

Dakta Umar (Ikeja):
Turo in gani, amma ko me na ce gobe ku tafi. In kuma kafin goben ya yi wanda ya ƙi saki, ko numfashinsa ya canza, ko ya ƙi farkawa sosai, kada ku jira asuba.

Maman Ihsan (Ijora):
Ki haɗa jaka tun yau: takardar gwajin da kwafinta, katin asibiti, katin rigakafi, caja, kayan sawarsa da abincinsa, don za a iya cewa a kwantar da ku. Ihsan tana makaranta da safe, zan same ku a bakin ƙofar asibitin in riƙe miki shi ki samu ki yi magana da likita da kyau. Turo min lambarki ta gefe.